Rufin Masallacin Soja

Idan ka bar Ɗambatta ka yi gabas har kwalta ta ƙare, za ka iske wani ƙauye da ake kira Ɗorawar Magina. Sunan ne kawai ya saura. Ɗorawar an sassare an yi gawayi da ita, maginan kuwa saura mutum ɗaya, shi ma ya ajiye kayan aiki. Sunansa Ɗanliti, tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisawa da ƙafar hagu. A da, duk wanda ya san shi ya san shi da hali ɗaya: ba ya wuce bango bai shafa shi da tafin hannu ba. Matarsa Kulu takan ce ko gidan surukai ya je, sai ya gama gaisawa da katanga kafin ya gaida masu gida.

Maganar Ɗanliti ba ta yiwuwa sai an fara da ubansa, Khalilu, wanda aka fi sani da Khalilu Soja. Shi ma magini ne ɗan magini. Yana saurayi ya tafi cin rani Damagaram neman aikin gini, ya faɗa daidai lokacin da Faransawa ke kwasar samari don babban yaƙin Turawa. Ba wanda ya tambaye shi daga wane gefen iyaka ya fito. Aka sa masa kaki, aka ɗora shi a jirgin ruwa, gida kuwa aka yi ta jira har aka gaji aka yi masa sadaka.

A can ƙasar Faransa harsashi ya same shi a cinya, aka kwantar da shi a wani asibitin sojoji. Jikin asibitin akwai wani tsohon coci da wani sarkinsu na da ya gina musamman saboda sojoji. Khalilu ya ce sanyi ne ya kora shi ciki ranar farko, amma sauran ranakun idon magini ne ya riƙa mayar da shi. Rufin ya tashi sama ƙwarai, har in ka ɗaga kai hularka sai ta faɗi. Haske na shigowa ta wasu tagogi da aka jera a gindin rufin, ya zubo ƙasa ba ka ga inda ya fito ba. A jikin bango an sassaƙa takubba da masu da tutoci da ƙahonin yaƙi, duk da dutse, suna nannaɗe da juna kamar yaɗon kabewa. Can sama an zana gizagizai da mutane masu fukafukai. Da ya tambaya, aka ce masa duk wannan ado don sojojinsu ne da suka mutu, kada a manta da su. Nan abin ya soke shi. Nasa abokan, waɗanda aka kwaso tare da shi, an binne su cikin taɓo da ƙanƙara ba sallah ba likkafani, ko dutse ba a ɗora ba.

Da Allah ya dawo da shi gida, bai zauna ba. Ya nemi fili a tsakiyar gari ya ce zai gina masallaci. Ya yi shi da tubali da jar ƙasa, ya ɗaura azara, wato tsagaggen itacen giginya, ya lanƙwasa su suka zama bakan gizo suna haɗuwa a tsakiya, sannan ya ɗora tuluwa, rufin nan mai tudu kamar an kife ƙwarya. A gindin tuluwar ya huda ƙananan tagogi don haske ya shigo ta sama. Limamin wancan zamani ya ja masa kunne, ya ce ba a zana mai rai a ɗakin Allah. Khalilu ya ce ya ji. Sai ya bi tsakanin bakan gizon nan yana fitar da zane da yatsunsa a ɗanyar ƙasa: nan takobi, nan ƙaho, nan buta, nan wani ƙulli mai kama da igiyar rijiya. Kowane zane mutum ne. Ƙahon na Abdulƙadir ne, ɗan Matameye, wanda ke busa musu tashi. Butar ta wani Buzu ce da bai taɓa barin alwala ba ko ruwa ya daskare. Khalilu bai iya rubutu ba, saboda haka sunayen suna bakinsa, daga baya suka koma bakin Ɗanliti. Mutane suka sa wa wurin Masallacin Soja.

To, ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka sai an yi masa yaɓe, kuma gayya ake kira, gari duka ya fito. Mata su daka ɓawon ɗorawa su jiƙa, ya zama makuba, ruwan nan ja mai ɗaure ƙasa. Samari su shiga kwaɓi da ƙafa, makaɗi na zuga su. Tuluwar kuma ita ba a yi mata yaɓen banza, sai da laso, wanda ake haɗawa da katsin da marina ke kwashewa daga gindin karofi, da gashin akuya na majema, da ruwan dafara, wani tsiron daji mai yauƙi. In ya bushe ruwa gangarewa yake yi a kai, ƙasar da ke ƙarƙashi kuma tana shan iskarta. Da yamma in an gama, Khalilu ya zauna a tabarma ya ɗaga sandarsa yana nuna zanen ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan mai shi, jama'a na cewa Allah ya ji ƙansa. A nan Ɗanliti ya tashi. A nan ya koyi gini, ya koyi sunayen.

Ranar da ciwon ajali ya kama Khalilu, bai bar wa ɗansa doguwar wasiyya ba. Cewa ya yi, "Ɗanliti, kada ka bar ruwa ya kwana a kan rufin nan." Ɗanliti ya ce in Allah ya yarda ba zai bari ba.

Kuma wallahi bai bari ba, shekara da shekaru. Ya gina wa mutane zaure da rumbu da soro daga nan har Zakirai, amma duk inda yake aiki, da ya ga hadari ya fara leƙowa daga gabas sai ya tattara ya dawo. Sai dai abubuwan suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya yi niyyar mugunta ba. Marinan ƙauyen da ke kusa suka rufe karofinsu don atamfar kanti ta kashe musu kasuwa, katsi ya zama sai an je nema har birni. Ɗorawar gonaki aka sare. Samari suka tafi Kano tuƙa babur da ɗan sahu, in sun zo gida da Sallah suke zuwa, cikin fararen kaya, wa zai shiga kwaɓi? 'Ya'yan Ɗanliti maza su ma suka bi: ɗaya yana jera bulo a Rijiyar Zaki, in aka yi masa maganar tubali dariya yake yi. Gayyar da ake yi da kiɗa ta koma tsofaffi 'yan kaɗan, suna aiki suna riƙe ƙugu. Daga baya ta koma Ɗanliti da Kulu, ita tana miƙo masa ƙwaryar ƙasa, shi yana kan tsani.

A wata irin wannan shekara ce tsanin ya zame da shi. Ƙashin ƙugu ya goce, ya kwanta damina guda cur. Yana kwance yana jin ruwa na dukan ƙasa, kowane ɗigo a ransa yake sauka, don ya san rabin rufin ba a yaɓe ba. Ba zafin ƙafar ne ya fi damunsa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don karon farko ya gane cewa ranar da aka kai shi makwancinsa, ranar ce aka daina hawa rufin nan.

Da ya fara takawa da sanda, sai ga Tasi'u, ɗan ƙaninsa, mai sayar da hatsi a kasuwar Ɗambatta, ya zo duba shi. Tasi'u yaro ne mai zumunci, kuma Allah ya buɗa masa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, wannan wahalar ta isa haka. Ku bari in kawo siminti a shafe rufin da bangon gaba ɗaya. In aka yi sau ɗaya an gama, ko bayan ranmu ruwa ba zai taɓa shi ba."

Ina so a ji ni da kyau a nan, don na sha jin masu zaman gindin bishiya suna ɗora wa Tasi'u laifi. Tasi'u bai tilasta wa kowa ba. Da Ɗanliti ya ce a'a, da maganar ta mutu a wurin. Amma kalmar nan "ko bayan ranmu" ita ce ta shige shi, don ita ce amsar abin da ya kwana yana tambayar kansa damina guda. Ya ga siminti a birni, ya ga ruwa na zuba a kai yana wucewa. Ubansa ya ce kada ruwa ya kwana a rufin, ga abin da ruwa ba ya ratsawa an kawo har gida. Ya yi murna, har da ƙwalla, ya sa wa Tasi'u albarka.

Kulu ce kaɗai ta yi magana, ita ma ba da ƙarfi ba. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, in aka rufe ta ruf haka, ƙasar ta ina za ta sha iska?"

Ya ce, "Ke da kika san tukunya, yau kuma gini za ki koya mini?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da hannunsa ya yi aikin. Bai yarda wani lebura ya taɓa tuluwar ubansa ba. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya hau da gurguwar ƙafarsa, ya bi rufin da cokalin gini yana shafawa yana gogewa har ya yi sumul. Sai dai simintin ya ƙare kafin a rufe gefen arewa maso gabas, wajen matakala. Tasi'u ya ce zai ƙaro in kasuwa ta yi kyau, kasuwa kuma ta yi ta jan ƙafa, maganar ta bi ruwa. Wannan gefe ya zame wa Ɗanliti abin kunya. Ko'ina fari tas, nan kuma jar ƙasa kamar faci a sabuwar riga. Da yake matakala na kaiwa wurin, sai ya ci gaba da lallaɓawa kowace shekara yana yaɓe shi da 'yar makubar da ya samu, yana yi yana tsaki, yana roƙon Allah ya kawo ranar da za a rufe shi kamar sauran.

'Yan shekaru aka ji daɗi. Mutanen gari suka ce an huta, har masu wucewa kan tsaya su yaba. Gayya kuwa aka shafe ta daga baki ɗungurum, yaran da suka taso ba su ma san an taɓa yi ba.

Abin ya fara ne da wari. Ɗanliti ya shiga sallar azahar wata rana cikin damina, ya ji masallacin na warin tsohuwar rijiya. Ya ɗaga kai ya ga zanen takobi ya yi duhu. Ya hau rufin, ya duba, sai ga tsaga siririya kamar zare ta bi simintin, ga wata, ga wata. Rana ta gasa shi, sanyi ya ɗaure shi, ya dare. Ruwa ya sami hanyar shiga ta tsagar, amma hanyar fita babu. A da in ƙasar ta jiƙa, rana ɗaya biyu ta bushe. Yanzu tana nan a rufe tana ruɓewa, damina ta wuce laimar ba ta wuce ba. Gara kuwa abin da take so ke nan. Ya ƙwanƙwasa rufin da dunƙulen hannu ya ji yana amsawa kamar gangar da ba komai a ciki. Ya zauna a wurin. Ruwan da aka ce kada ya bari ya kwana, shi ya gina masa ɗaki ya kulle shi ciki.

Ya yi ƙoƙari, kada a ce bai yi ba. Ya ɗauko kurfi da guduma ya ce zai ɓamɓare simintin. Ɓangaren farko da ya ɗaga ya taho da ƙasar rufin mai kauri kamar tafin hannu, baƙa, tana wari, gara na zuba daga ciki. In ya ci gaba zai huda rufin, in ya bari ruɓa ta ci gaba. Ya lilliƙe tsagar da sabon siminti, wata ta buɗe a gefe. Ya je Rijiyar Zaki wajen ɗansa, ɗan ya ce, "Baba, ai wannan sai haƙuri." Bayan sallar la'asar wata rana, mutane sun fita ke nan, ƙahon Abdulƙadir ya saki ya faɗo kan tabarma ya tarwatse. Ɗanliti ya tsugunna ya tattara garin a gefen rigarsa, bai san inda zai kai shi ba.

Ba a daɗe ba Liman Yahya ya zo gidansa tare da Tasi'u. Liman sa'ansa ne, tare suka yi wasan ƙasa, don haka bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Malam Ɗanliti, jama'a sun daina shiga sahun gaba. In na yi sujada hankalina na sama. Mun yi shawara a sauke rufin nan kafin ruwa ya sauka."

Tasi'u kansa na ƙasa ya ce, "Baba, ni na jawo. Zan gina wani na bulo, a yi masa rufin kwano."

Ɗanliti ya ce, "Ba kai ka jawo ba. To, ku sauke mana. Me ya kawo ku wurina?"

Liman ya ce, "Leburorin sun ƙi hawa. Sun ce ba su san wace azara ke riƙe da wace ba, in suka zare ba daidai ba da su zai rufta. Kai kaɗai ka san yadda aka ɗaura shi."

Ya ce ba zai yi ba. Ya ce su nemi wani, ko su bari ya faɗi da kansa. Da suka tafi, Kulu ta kawo masa fura ta ajiye, ta zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Malam, in ya faɗo wa wani yana sujada, da wane ido za ka dubi mutanen garin nan? Baba ma da yake kwance a kabarinsa, ba zai so a ce ginin da ya yi wa matattu ya kashe mai rai ba." Furar nan bai sha ta ba. Washegari ya aika wa Liman ya ce a kira leburorin.

Da safe aka taru. Kafin a fara Ɗanliti ya roƙi a ba shi ɗan lokaci, ya shiga ya ɗaga sandarsa kamar yadda ubansa ke yi, ya fara kiran sunayen. Tsofaffi biyu uku suka amsa da Allah ya ji ƙansa. Tasi'u ya ɗaga waya yana ɗauka, aka kira shi daga kasuwa, ɗaukar ta yanke. Da Ɗanliti ya zo kan wani gurbi da zanensa ya riga ya zube, sai ya tsaya, sanda na sama. Ashe da zanen yake tuna sunan. Ya yi ta motsa baki, sunan bai zo ba. Ya ce, "Da wannan ma, Allah ya san shi," ya wuce.

Ya fito ya tsaya yana nuna musu inda za su fara. Gefen yamma ko diga bai buƙata ba. Da aka fasa simintin, ƙasar ta zubo baƙa, azarar da ke ciki in ka matsa da yatsa sai ta zama gari. Kudu ma haka. Leburori na ta mamakin yadda abin bai kashe mutane ba tun bara. Kafin rana ta take, rufin ya zama tsibin ƙasa, hasken rana ya cika masallacin.

Saura gefen matakala, facin nan na kunya. Wani ƙaƙƙarfan lebura ya kai masa diga, digar ta yi tsalle ta dawo. Ya ƙara, ta ƙara dawowa. Suka haɗu su uku suna sara, gumi na zuba, da ƙyar suka ɓantare ɓawon sama. Ƙasar da ke ciki ja ce wur, busasshiya, har ƙamshin makuba na tashi. Azarar na nan lafiya lau, baƙa sul, ko gara ɗaya babu, an ɗaure ta da igiyar kaba, ƙullin Khalilu Soja na nan yadda ya ja shi.

Leburan ya share goshi ya ce, "Baba, wannan gefen ai ƙarfe ne. Me aka sa masa?"

Ɗanliti ya daɗe yana kallon ƙullin. Ya ce, "Ba a sa masa komai ba."

Bakan gizo ba ya tsayuwa da ƙafa ɗaya, kuma an riga an cire masa sauran. Barinsa a haka ya fi komai haɗari, Ɗanliti ma ya sani. Leburorin suka rasa ta inda za su kwance ɗaurin. Sai ya miƙa wa Liman sandarsa, ya hau matakalar a hankali yana jan ƙafa, ya zaro wuƙarsa. Igiyar ta yi gardama, sai da ya yi ta gogawa. Da ta tsinke ya ce su ja da baya, ya tura da kafaɗarsa.

Sabon masallacin Tasi'u ya tsaya kafin kaka, da bulo da kwano da fanka. Tsohuwar ƙasar manoma suka kwashe a amalanke suka kai gona, don sun ce tana gyara gero. Yara har yanzu Masallacin Soja suke cewa, in ka tambaye su wane soja, sai su ce wai wani ne ya taɓa kwana a wurin. Ɗanliti yana zuwa salloli biyar, yana tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ba ya ɗaga kai don ba abin gani sai katako da kwano. Ɗansa na Rijiyar Zaki ya ce zai zo wata rana ya rubuta sunayen, bai zo ba tukuna, kuma Kulu ta ce kwanan nan wani sunan ya ƙara ɓace wa tsohon.

Ita ce ma ta fara lura da ɗaya abin. Ta ce tun ranar da aka sauke rufin, in zai fita sai ya harɗe hannuwansa a baya, ya bi tsakiyar lungu. Har katangar gidansu, wadda shi ya gina ta, wucewa yake yi bai taɓa ta ba.